Ya amsa laifin kisa a caji ofis, a kotu ya ce dukansa aka yi: tambayoyi da amsoshi kan sitatimen da ɗaukaka ƙara

Jama'a assalamu alaikum. Waɗannan tambayoyin su ne suka fi yawan zuwa daga mutanenmu na Kano a kan maganar sitatimen, wato bayanin da 'yan sanda ke rubutawa daga bakin wanda ake zargi da kisan kai, wasu masu tambayar 'yan'uwan wanda aka kama ne wasu kuma 'yan'uwan mamacin ne, kuma kowanne ɓangare zuciyarsa a ƙone take. Na tattara su wuri ɗaya na amsa. Amma dan Allah wanda maganar ta same shi ya nemi lauya ya zauna da shi, shari'ar rai ba a yinta da karatun waya kawai.

Tambaya: Barista, ƙanena ya amsa a wajen 'yan sanda har ya dangwala yatsa, shikenan magana ta ƙare?

Ba ta ƙare ba Yaya. Takardar da ya dangwala wa yatsa ba hukunci ba ce, sai an kawo ta gaban alƙalin babbar kotu ya duba ya ce ya karɓa ko bai karɓa ba. Dokar shaida ta 2011 a sashe na 29 ta ce idan aka gaya wa kotu cewa da zalunci aka samo iƙirarin, ko kuma a wani yanayi da zai sa ba za a iya dogara da shi ba, to kotu ba za ta karɓa ba sai masu gabatar da ƙara sun tabbatar, ba tare da wani kokwanto mai ma'ana ba, cewa ba haka aka yi ba. Ku lura da wanda nauyin yake kansa, gwamnati ce za ta wanke takardarta. Kuma dokar ta fayyace cewa zalunci ya haɗa da azabtarwa da wulaƙanci da duka, har da barazanar duka ko da ba a kai ga taɓa shi ba.

Wani abu kuma da mutane ba su sani ba, a laifin da hukuncinsa kisa ne ko da mutum ya tsaya gaban alƙali ya ce eh ni na yi, kotu rubutawa take bai amsa ba, sai an kawo shaidu an tabbatar. Kisan kai a nan Kano ƙarƙashin sashe na 221 na dokar final kod, wato kundin dokar laifuka, ake tuhumarsa a babbar kotu, majistare ba shi da hurumin yanke shi, iyakarsa ya aika da mutum ajiya gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse kafin ma'aikatar shari'a ta ba da shawara a kan fayil.

Tambaya: To yaushe ne lauya zai ce bai yarda da sitatimen ɗin ba?

Wannan ita ce tambayar da na fi so kowa ya riƙe, don yawancin afil ɗin, wato ɗaukaka ƙara, da ake faɗuwa a kan wannan magana tun a ranar nan aka faɗi. Ranar da ɗan sanda mai bincike ya shiga akwatin shaida, ya yi rantsuwa, lauyan gwamnati ya ɗauko takardar daga fayil ya miƙa masa ya ce ka gane wannan, ya ce eh ni na rubuta, lauyan ya juya ya ce ya mai shari'a muna roƙon a karɓe ta a matsayin hujja, akawun kotu ya ɗauka ya kai wa lauyan wanda ake tuhuma, shi kuma ya ƙarasa wajen akwati ya nuna masa ya tambaye shi a hankali, yaya aka yi ka sa hannu a nan. To wannan ɗan taƙin shi ne lokacin. A nan ne lauya zai miƙe ya ce muna suka, ba da son ransa ya yi ba, kuma ya faɗi me aka yi masa, ratayewa ce, kulki ne, hana shi abinci ne, ko cewa aka yi za a kamo matarsa da mahaifiyarsa.

Idan aka bari takardar ta shiga lauya ya ce ba mu da suka, aka sa mata lamba, sai bayan wata bakwai da ya zo kare kansa ya ce ai dukana aka yi, kotuna sun sha cewa an makara. Shi ya sa nake roƙon 'yan'uwa, ku tabbata lauyan ya je gidan yari ya zauna da ɗanku kafin a fara sauraron shaidu, kar ya zama a harabar kotu da safe za su fara ganin juna. Kuma shi wanda ake tuhuma ya faɗa wa lauyansa komai har abin da yake jin kunyar faɗa.

Tambaya: Mene ne shari'a cikin shari'a da muke ji ana cewa?

Da zarar an yi sukar, alƙali zai jingine babbar shari'ar ya buɗe wata ƙarama wadda ba ruwanta da wa ya kashe wa, tambaya ɗaya kawai take amsawa, da son ransa ya yi bayanin ko tilasta shi aka yi. Masu gabatar da ƙara su ke farawa, su kawo wanda ya rubuta, da babban jami'in da aka kai shi gabansa ya sa hannu, da tafinta in akwai. Sai shi ma ya shiga ya ba da nasa, ya nuna tabo in akwai, ya kawo katin asibiti ko takardar shigarsa gidan yari wadda ta nuna halin da aka kawo shi, ko wani da suka kwana bayan kanta tare. Daga nan alƙali ya yanke, ko ya karɓa ko ya sa mata alamar an ƙi.

Abin da ke kashe mutane a nan shi ne rashin hujja a hannu. Shekara uku bayan kamu ciwo ya warke, wanda suka zauna tare an sake shi ba a san inda yake ba, sai ya rage bakinsa da bakin jami'ai uku. Don haka duk wanda ya je kai abinci ya ga ɗan'uwansa yana jan ƙafa ko hannu a kumbure, ya rubuta rana da lokaci, ya gaya wa lauya ranar, a roƙi majistare tun zaman farko ya sa a rubuce ya kuma ba da umarnin a kai shi asibiti.

Tambaya: Shi cewa ya yi bai ma yi bayanin ba sam, rubutawa suka yi suka kama yatsansa. Duk ɗaya ne?

Akwai bambanci kuma babba. Wanda ya ce ban yi wannan bayanin ba, wannan sa hannun ma ba nawa ba ne, kotu ba ta buɗe shari'a cikin shari'a a kansa, karɓar takardar take, sai a ƙarshe ta auna ko shi ya yi da kuma nauyin da za ta ba ta. Wanda ya ce na sa hannu amma da tsiya aka sa ni, shi ake buɗe wa. Naku da aka kama yatsansa da ƙarfi ya shiga maganar tilas, saboda haka lauya ya tsara sukar da kyau kar ta fito kamar musu kawai.

Tambaya: Ance dole sai da lauya ko bidiyo ake ɗaukar bayani, gaskiya ne?

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya, ACJA ta 2015, a sashe na 15 da na 17 ta yi maganar a ɗauki iƙirari a rubuce tare da naɗar bidiyo, kuma a ɗauki bayani a gaban lauyan da mutum ya zaɓa, in ba shi da lauya to jami'in hukumar ba da agajin lauyoyi ko wakilin ƙungiyar farar hula ko wani mutum da ya zaɓa da kansa. An daɗe ana ja-in-ja a kotuna ko wannan wajibi ne ko zaɓi, wasu alƙalai su ce haka wasu su ce haka, har kotun ƙoli ta yi magana, a 2023 a shari'ar Charles da jihar Legas a kan dokar Legas, sannan a 2024 a shari'ar gwamnatin tarayya da Nnajiofor ta ce abin wajibi ne, rashin binsa na iya sa a watsar da iƙirarin. Kano ita ma ta yi tata dokar a 2019, kuma tunda kisan kai laifin jiha ne, da lafazin dokar Kano lauya zai kafa hujjarsa ya jingina da waɗancan hukunce-hukuncen.

Ni a ganina wannan ya fi amfanar 'yan sanda masu gaskiya fiye da kowa. Yau wace caji ofis ce a Kano daga hedikwatar 'yan sanda ta Bompai har ƙaramin ofis na unguwa da za a rasa waya mai kyamara? Minti goma na bidiyo, mutum a zaune lafiyarsa ƙalau lauya a gefe yana ba da labari da bakinsa, ya rufe bakin duk wani musu da za a zo a yi shekara biyar ana yi.

Tambaya: Babana ba ya jin Turanci amma da Turanci aka rubuta bayaninsa.

Wannan matsalar tamu ce sosai a Arewa. Abin da ya dace a rubuta da harshen da ya yi magana, a karanta masa ya ji, sannan a fassara. In kuma ta bakin tafinta aka ɗauka, wato wani daban ya fassara wani daban ya rubuta, to kotun ƙoli ta daɗe da cewa sai an kira tafintan ya ba da shaida, in ba haka ba takardar ta zama ji-ta-ji-ta. Ku duba bambancin wanda ya ce muna kokawa wuƙar ta same shi, da wanda aka rubuta masa na daɓa masa wuƙa, tsakanin waɗannan jimloli biyu akwai ran mutum. Da yawa an ci afil a kan wannan gaɓar kaɗai.

Tambaya: Alƙali ya karɓi sitatimen ɗin duk da sukar da muka yi. Mu ɗaukaka ƙara yanzu ko mu jira?

Hanya biyu ce. Kuna iya tafiya kotun ɗaukaka ƙara a kan wannan ƙwarya-ƙwaryar hukuncin tun yanzu, sai dai in hujjojinku sun taɓa yadda alƙali ya auna shaidu to sai kun nemi izini tukuna, kuma ku sani da wuya shari'ar ta tsaya ta jira ku, tun da a laifukan tarayya ACJA ta hana dakatar da shari'ar laifi a sashe na 306, kotun ƙoli ma ta tabbatar da hakan a 2017 a shari'ar Olisa Metuh, kotuna suka daina lamuntar wannan jinkirin. Shi ya sa yawancin lauyoyi ke jira a gama, in an same shi da laifi sai su haɗa maganar sitatimen cikin babban afil. Ni ma ita nake ba da shawara sai in akwai wani dalili na musamman, don kuɗi da ƙarfin iyali ba su da yawa, kar a ƙarar da su tun a hanya.

Wa'adi kwana 90 ne daga ranar hukunci zuwa kotun ɗaukaka ƙara, kuma yanzu muna da reshenta a nan Kano ba sai an tafi Kaduna kamar da ba. Daga can zuwa kotun ƙoli a Abuja kwana 30 ne. In wa'adi ya wuce ana iya roƙon ƙarin lokaci da dalili mai ƙarfi, amma kar a dogara da haka. Wanda aka yanke wa hukuncin kisa haƙƙinsa ne ya ɗaukaka har ƙoli, kuma ba a zartarwa alhali afil na gaban kotu, tun 1986 kotun ƙoli ta yi tir da gwamnatin Oyo a kan wani da aka zartar wa hukunci afil ɗinsa bai ƙare ba.

Tambaya: A kotun ɗaukaka ƙara za a sake kiran shaidu ne?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke shan mamaki. Alƙalai uku ne za su zauna da kundin abin da aka rubuta a kotun ƙasa da rubutattun hujjojin lauyoyi, abin da bai shiga kundin ba kamar bai faru ba ne. Kuma ba sa son taɓa abin da alƙalin farko ya gani da idonsa, in ya ce na kalli ɗan sandan na yarda da shi na kalli wanda ake tuhuma ban yarda da shi ba, da wuya su juya sai an nuna hukuncin ya saɓa wa shaidar da ke rubuce ƙarara. Inda aka fi samun nasara shi ne kuskuren doka, misali alƙali ya ƙi buɗe shari'a cikin shari'a bayan an yi suka, ko ya ɗora wa wanda ake tuhuma nauyin tabbatar da cewa an dake shi, ko ba a kira tafinta ba, ko ba a bi ƙa'idar lauya da bidiyo ba, ko an kama wani da bayanin abokin tuhumarsa alhali sashe na 29 ya ce iƙirarin mutum kansa kaɗai yake ci sai in ɗayan ya amince da shi.

Tambaya: In an watsar da sitatimen ɗin sakinsa za a yi kenan?

Ba lallai ba. Kotu za ta cire takardar ta duba abin da ya rage, in akwai wanda ya gani da ido, ko rahoton likita da makamin da sauran alamomin da suka ishi hukunci, to hukuncin na nan, sashe na 251 na dokar shaida ya ce kuskuren karɓar hujja kaɗai ba ya rushe hukunci in dama ba zai canja sakamako ba. In kuma takardar ce kaɗai ginshiƙin shari'ar sai a sallame shi a wanke shi, wani lokacin kuma a ce a koma a sake shari'ar gaban wani alƙalin. Sannan abin da aka gano ta dalilin bayanin, kamar ya ce ga inda na binne wuƙar aka je aka tono, dokar shaida ta bar ƙofar karɓar wannan.

Ko a Amurka da ake yawan kafa misali da ita haka abin ya kasance. A 1966 kotun ƙolinsu ta rushe hukuncin Ernesto Miranda a ƙararsa da jihar Arizona saboda ba a gaya masa yana da damar yin shiru da neman lauya ba, aka sake shari'ar a 1967 ba tare da iƙirarin ba kuma aka sake samunsa da laifi da wasu shaidun. Mu a nan damar yin shiru har sai ka ga lauya tana cikin sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999.

Tambaya: Barista, mu aka kashe wa ɗa. Ya amsa da bakinsa duniya ta gani, yanzu ana ce mana wai takarda ba ta cika ƙa'ida ba. Ina adalci a nan?

Baba, Allah ya ji ƙansa ya ba ku haƙuri, wallahi ba wanda zai ji wannan bai ji ciwo ba. Amma bari in faɗa muku gaskiya tsakani da Allah, wanda ya cuce ku a nan shi ne mai binciken da ya ɗauki kulki maimakon ya je ya nemo shaidu. Duka yana sa mai laifi ya amsa yana kuma sa marar laifi ya amsa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in an zo gaban alƙali komai zai fito fili, in takardar ta faɗi kuma ba a tara komai a bayanta ba to jinin ɗanku ne ya tafi a banza. In kuma marar laifi aka matsa ya ɗauka, wanda ya yi kisan yana nan yana yawo a unguwa.

Amsawa gaban 'yan jarida kuma ba ita kotu ke hukunci da ita ba. Kowa a Kano ya tuna shari'ar Hanifa, yarinyar da aka sace aka kashe, a 2022, wanda ake zargi ya yi magana gaban 'yan jarida amma da aka zo babbar kotu ya musanta tuhumar kisan, sai da gwamnati ta gabatar da shaidu kafin a yanke hukuncin kisa a watan Yulin shekarar. Abin da zai taimake ku shi ne ku riƙa bibiyar lauyan gwamnati mai riƙe da fayil, ku kawo duk wanda ya ga wani abu, ku ƙarfafa masa gwiwa ya zo kotu kar ya ji tsoro, ku tabbata rahoton asibiti yana cikin fayil. Na san gaggawar binne mamaci addininmu ne, amma a samu likita ya duba ya rubuta kafin a kai shi.

Tambaya: To mu iyalan mamacin za mu iya ɗaukaka ƙara in aka ƙi karɓar bayanin ko aka sake shi?

Da kanku a'a. Sashe na 243 na tsarin mulki ya ba wanda ake tuhuma da kuma ɓangaren gwamnati wannan damar a shari'ar laifi. Ku rubuta wa kwamishinan shari'a na jiha koke ta hannun lauyanku kuna roƙon ya ɗaukaka, kuma ku yi da wuri don kwana 90 ɗin nan su ma ya hau kansu.

Tambaya: A Musulunci fa, ai iƙirari shi ne shugaban hujjoji?

Haka ne, amma iƙirarin baligi mai hankali wanda ya yi da zaɓinsa. Malamai suna kafa hujja da hadisin da ya ce an ɗauke wa al'umma kuskure da mantuwa da abin da aka tilasta su a kai, kuma abin da ya zo daga Imam Malik shi ne ba a kama mutum da abin da ya faɗa a ƙarƙashin duka ko tsoratarwa. Don haka wanda yake ganin wannan maganar ta Turawa ce kawai ya koma ya tambayi malaminsa babin iƙirari.

Tambaya: Shi ɗan sandan da ya yi dukan ba abin da zai same shi?

Akwai dokar hana azabtarwa ta 2017, hukuncinta na kaiwa shekara 25 a gidan yari, kuma ba ta karɓar uzurin cewa oga ne ya sa ni. Sashe na 34 na tsarin mulki ma ya haramta azabtarwa, ana iya shigar da ƙarar tauye haƙƙi daban a nemi diyya, ana iya kai koke hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasa wadda ke da ofis a Kano. Aiki da dokar dai har yanzu da rauni, wannan kuwa abin baƙin ciki ne.

Tambaya: Ba mu da kuɗin lauya, an kama yaronmu jiya, me za mu yi yau?

Hajiya ku je ofishin hukumar ba da agajin lauyoyi ta ƙasa a nan Kano, kisan kai na cikin laifukan da suke tsayawa a kai kyauta, ko ku tuntuɓi reshen ƙungiyar lauyoyi ku tambayi masu aikin sa kai. In kun samu ganinsa ku ce masa ya faɗi sunansa da adireshinsa cikin ladabi, ya ce zai yi bayani in lauyansa ya zo, kar ya yi gardama kar ya yi ƙarya, kuma kar ya sa hannu ko yatsa a takardar da ba a karanta masa da Hausa ba, balle farar takarda da ba komai a kanta. Ku rubuta sunan ofishin da ranar da lokacin da aka tafi da shi da sunan mai binciken, ku ajiye a wuri ɗaya, lauya zai nema tun zaman farko.